Kafar da Aka Toshe a Kan Baƙuwa

Sansanin masu fim, kusa da Borroloola
14 ga Satumba, 1986

Zuwa ga Yayana Clarrie Trevaskis,

Gaisuwa mai tarin yawa, wadda ta ƙetare hamada da duwatsu kafin ta durƙusa a gabanka. Ina fata gwiwarka ta hagu ta sassauta maka, kuma sanyin Garnet Gully bai sa ka yi da-na-sanin baro gonarka ba. Ni dai lafiyata ƙalau, in ban da ƙudajen da suka mai da fuskata filin taronsu, da zafin da ke narka tunani tun kafin ya zama magana.

Kakanka da kakana wa da ƙane ne, amma ni da kai ba mu haɗu fiye da sau biyar ba, uku daga ciki a wurin jana'iza. Duk da haka ka amsa kirana, ka zo ka riƙe mini ɗakin makamai na Ƙauyen Tarihi, inda muke nuna wa baƙi rayuwar zamanin haƙar zinariya, har in gama wa masu fim ɗin nan aikin wata uku. Abin da ke damuna shi ne motar da ta kawo ka ita ta ɗauke ni. Minti arba'in kacal muka samu, kuma libarba ɗaya tak na kwance a gabanka.

Bari in maimaita abin da na faɗa maka a tsaye. Libarbobin nan shida na kwaikwayo ne, harsashinsu albarushi ne zalla babu dalma, ƙara da hayaƙi kawai suke bayarwa idan 'yan fashinmu suka tare keken dawaki gaban 'yan kallo. Amma lasisinsu na gaske ne, kuma da sunana yake, kai mataimaki aka rubuta ka. Saje Halloran ya sha gaya mini: ranar da jinin wani ya ɗiga a filin nan, lasisi ya tafi, wasa ya mutu. Shekara ashirin da shida ke nan ko ƙwarzane babu. Ban ajiye mata ba, ban haifi ɗa ba, Yaya. Idan aka raba ni da ɗakin nan, ban san sunan da zan amsa ba.

Na tsara maka ƙa'idar aikin cikin baiti, domin ta zauna a ka:

Da ruwan zafi da sabulu za ka fara,
Ka bi da buroshi, kar hannu ya saurara.
Ka tsane su sarai, ka bar su su sha rana,
Ɗigon mai uku ya isa, ƙari ɓarna.
Damshi ɓarawo ne, ba ya yin sallama,
Duk kafar da ka gani toshe ta, kar ka yi gardama.
Biyar da baki suke wa jama'a magana,
Baƙuwa ta ka take numfashi, ta fi su kyan gani da rana.

Baƙuwa ita ce ta shidan, mai dogon bututu da mariƙin katakon goro, wadda ke naɗe cikin jan ƙyalle. Ba ta fita sai ranar Bikin Zinariya, sha biyar ga Nuwamba, a hannun Manoli Kastrisios mai aski, shugaban 'yan fashinmu. Bakinsa ya fi askarsa kaifi, kada ka biye masa.

Jirgin wasiƙu sau ɗaya yake sauka nan a mako biyu. Ka rubuto, ko da layi uku ne.

Ƙanenka mai ɗauke da nauyin alherinka,
Ambrose

Garnet Gully
3 ga Oktoba, 1986

Ƙanena Ambrose,

Na gaishe ka. Wasiƙarka ta iso, na karanta sau uku, na biyun da tabarau. Gwiwa tana nan yadda ka san ta. An yi ruwa kwana shida a jere, rufin ɗakinka yana yoyo ta kusurwar taga, na sa bokiti.

Aiki yana tafiya. Kullum bayan wasan ƙarfe biyu ina ɗora buta, in kwance biyar ɗin, in wanke, in shanya a kan buhun da ka bari. Albarushin nan naka ƙazami ne, kunkunniyarsa ta fi ta murhun mahaifiyata. Shekara hamsin ina harbin zomo da dila a karkararmu ta Mallee, ban taɓa wanke bindiga da ruwa ba sai a gidanka, amma na bi umarni.

Manoli ya same ni ina wanki ranar Talata. Ya tsaya a ƙofa da gashin bakinsa na bogi a hannu, ya ce, "Kai manomi, idan ka gama yi wa 'yan matan Ambrose wanka, akwai kwanuka a shagona."

Na ce, "Kawo kanka ma in wanke, ga alama tun daga Girka ba a taɓa shi ba."

Ya ce, "Ni a Melbourne aka haife ni, baƙauye! Me Malam Mai-baiti ya rubuto? Ya yi wa kadojin can waƙa tukuna?"

Na karanta masa baitocinka, ya dafe ƙirji ya faɗi kan kujera wai an harbe shi. Mutumin kirki ne. Ya yi mini aski kyauta, matarsa Despina kuma ta aiko mini da ganyen inabi naɗe da shinkafa.

Abu ɗaya nake roƙo. Waƙar ta yi daɗi, amma ni mutumin lamba ne. Ka rubuto mini a fili, na ɗaya kaza, na biyu kaza, kamar takardar da ke zuwa da injin girbi. Kaina ya tsufa.

Yayanka,
Clarrie

Sansanin masu fim
16 ga Oktoba, 1986

Yayana abin alfaharina,

Gaisuwa irin ta ƙasa mai ƙishi ga hadarin farko. Na ji daɗin jin cewa gwiwa ba ta ƙara ba, kuma Despina ta karɓi ragamar cikinka. Ni na yi zazzaɓin kwana uku, ya wuce. Gajimare ya fara taruwa kan teku tun kafin lokacinsa, mai ba da umarnin fim ɗin yana zagin sama da harsuna biyu.

Ka nemi in jera maka aiki da lamba kamar takardar inji. Yaya, ka yafe mini, ba zan iya yi wa sana'ata wannan wulaƙanci ba. Takardar inji a aljihu take ruɓewa, baiti kuwa yana bin mutum har wurin wanki. Duk abin da ake bukata yana cikin layuka takwas ɗin nan, ban rage ko ƙwaya ba. Mutumin da ya yi shekara hamsin da bindiga a kafaɗa ba ni zan koya masa ɗaya da biyu ba.

Yoyon da ka ambata ya tayar mini da hankali. Ka kula da layi na biyar da na shida sosai. Ka warware Baƙuwa daga ƙyallenta kafin biki, ka duba ko tsatsa ta yi mata lahani, ka gyara abin da ya kamata.

Ka gaya wa Manoli na yi wa kada waƙa, kuma ya fi shi sauraro.

Ƙanenka,
Ambrose

Garnet Gully
28 ga Oktoba, 1986

Ƙanena,

Na gaishe ka, ina yi maka sannu da zazzaɓi. Ka riƙa shan ruwa. Ni lafiya lau, har na hau tsani na gyara rufin.

Yanzu ga albishir. Na warware Baƙuwa kamar yadda ka ce, kuma Allah ya sa na yi. Tsatsa ta riga mu. A saman bututu, dab da gangar harsashi, na tarar da rami kamar ƙwayar alkama, bakinsa baƙi ƙirin. Na duba sauran biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya, babu mai irinsa. A wajenmu bindigar da bututunta ya huje, rijiya ake jefa ta. Har na fara tunanin yadda zan gaya maka, sai na tuna layinka na shida da ka ce in kula da shi: duk kafar da ka gani toshe ta. Na ce ashe Ambrose ya san da ciwon, kunya ce ta hana shi faɗa a fili.

Na kankare ramin tas, na cike shi da dalma, na goge, na shafa baƙin fenti. Kwana biyu na yi a kai. Ko kai sai ka sa tabarau kafin ka gane wurin. Ban gwada harba ta ba, don harsasanta goma sha biyu ne kacal a kwali, ka rubuta a jiki cewa na biki ne kada a taɓa.

Manoli ya zo gwajin kaya, ya ɗaga ta yana juyawa a haske. Ya ce, "Manomi, me ka yi mata? Ta koma budurwa!"

Na ce, "Sirrin sana'a ne. Kai dai ka wanke hannu kafin ka taɓa ta, man gashi yana ɓata ƙarfe."

Ya ce, "Bana sai an ji ƙarata har birnin Ballarat."

An ce makarantu huɗu za su zo. Ka kwantar da hankalinka, komai yana hannu.

Yayanka,
Clarrie

Sansanin masu fim
Litinin, 17 ga Nuwamba, 1986

Yaya,

Ina gaishe ka. Lafiyar jikina ƙalau, sauran ban sani ba.

Ruwa ya cinye filin jirgi, mako uku babu wasiƙa. Yau da hantsi jirgi ya sauka, na buɗe takardarka ta ashirin da takwas ga Oktoba a gindin bishiya, na karanta, na sake karantawa.

Ramin nan ba tsatsa ba ne. Maƙeranta ne suka huda shi. Biyar ɗin bututunsu a buɗe yake kaɗan, hayaƙi ta baki yake fita. Baƙuwa ƙirar wata ƙasa ce, bututunta a toshe yake da ƙarfe tun daga masana'anta, duk wutar albarushi ta wannan 'yar kafa take fita sama. Abin da nake nufi ke nan da na ce ta ka take numfashi. Kafar da na ce ka toshe kuwa ta akwatin ajiya ce, da taga, da rufi, inda damshi ke shiga. Jikinta ba ƙarfen bindigar gaske ba ne, gamin ƙarafa ne mai gautsi. Idan wuta ta rasa hanya, ita za ta yi wa kanta hanya.

Na ruga tantin rediyo na sa an buga maka wayar telegiram: KADA A HARBA BAƘUWA. Mai rediyon ya dube ni ya ce, "Malam, yaushe ne bikin naku?" Na ce Asabar. Ya ce, "Wace Asabar?" Sai a lokacin na ƙirga. Shekaranjiya ce.

Ina roƙon Allah ya sa an yi ruwa an ɗaga bikin. Ya sa Manoli ya kwana da mura. Ya sa kunamar ta cije, ko dalmar ta yi tsalle ta fita ba ta taɓa kowa ba. Tun hantsi nake jera irin waɗannan addu'o'i, kowace ta fi 'yar'uwarta rauni.

Ka rubuto mini gaskiya, kada ka tausasa.

Ambrose

Garnet Gully
18 ga Nuwamba, 1986

Ambrose,

Na gaishe ka. Wayarka ta iso jiya da la'asar. Lafiyata ba abin tambaya ba ce.

Ba a yi ruwa ba. Rana ta fito tas, mutane sun fi dubu. Keken dawaki ya shigo kwana, Manoli ya fito daga bayan bishiya da ƙyalle a fuska, ya yi ihunsa na kullum, ya ɗaga Baƙuwa sama ya ja kunama. Ƙarar ba irin wadda na saba ji ba ce, gajeriya ce, kamar an fasa tukunyar ƙarfe. Ya durƙusa ya rungume hannunsa a ciki. Mutane suka yi ta tafi, Ambrose. Sun ɗauka wasan ne. Ni kaina na tafa sau biyu kafin in ga jini yana bin wandonsa.

Babban yatsa da manuni na hannun dama sun tafi. Na tsakiya likita ya ce sai an ga yadda hali ya yi. Wani ɓallin ƙarfe ya tsaga masa kunci, ido ya tsira. Babu ɗan kallon da ya ji rauni.

Na je asibiti ranar Lahadi. Despina ta tare ƙofa, ta ce, "Me ka zo gani? Aikinka?" Manoli ya ɗaga murya daga ciki ya ce, "Bar shi ya shigo, mace. Manomi, zo ka ga yadda aka yi mini askin yatsu." Ya yi dariya, sannan ya juya fuska bango. Da wannan hannu ya yi shekara talatin yana riƙe almakashi.

Saje Halloran ya tattara gutsattsarin cikin jaka, ya rufe ɗakinka da kwaɗo. Jiya da safe ya zaunar da ni. Ya ga dalmar da idonsa. Ya ce, "Clarrie, tambaya ɗaya ce. Mai lasisi ya bayyana maka aikin ramin nan ko bai bayyana ba? Idan ya bayyana ka saɓa, laifin naka ne. Idan bai bayyana ba, nasa ne, kuma lasisinsa ya ƙare."

Na ce ka bayyana mini baki da baki ranar da na iso, ka nuna mini ramin da yatsa, ka ce kada in taɓa, ni ne na manta. Ya ce akwai wani abu a rubuce? Na ce babu. Wasiƙunka na jefa su a murhu.

Kada ka yi mini gardama. Shekarata sittin da ɗaya, ina da gona, ina da 'ya da jikoki. Kai wannan ɗaki kaɗai gare ka. Kuma hannuna ne ya narka dalmar. Layin nan na numfashi ta ka, na ɗauka yabonta kake yi, wai tana da girman kai. Da na tambaya.

Idan ka dawo, abin da na faɗa shi za ka faɗa.

Clarrie

Sansanin masu fim
2 ga Disamba, 1986

Yayana,

Gaisuwa daga wanda bai cancanci a amsa masa ba. Ina fata kana cin abinci. Ni ina ci don kada a tambaye ni dalili.

Na karanta wasiƙarka har takardar ta yi laushi. Ka tambaya, Yaya. A ranar uku ga Oktoba ka tambaya, da kalmomi masu sauƙi, ni kuma na amsa maka da taƙama. Wannan ba zai goge ba ko duk murhun duniya ya ci takarda.

Amma ga abin kunyar da zan faɗa maka, tunda babu wanda zan faɗa wa. Da na kai inda ka ce ka ɗauki laifin, wani abu a ƙirjina ya saki, na ji sanyi. Na tsani wannan sanyi, kuma ban kore shi ba. Kwana uku ina gaya wa kaina cewa hannun Manoli ba zai tsiro ba ko na yi magana ko na yi shiru. Ina gaya wa kaina cewa mutum goma sha ɗaya ke cin abinci a wasan nan, har da mai dawaki da matar da ke ɗinka riguna. Duk gaskiya ne, kuma na san ba dominsu nake lissafin ba.

Saboda haka zan bi maganarka. Idan Saje ya tambaye ni, zan ce na nuna maka. Na rubuta wannan layi na tsaya ina kallonsa, ban soke shi ba.

An tsayar da fim saboda ruwa, amma hanya a rufe take, sai ƙarshen wata za a kwashe mu. Ka gaida Manoli idan gaisuwata tana shiga gidansa.

Ƙanenka,
Ambrose

Garnet Gully
19 ga Disamba, 1986

Ambrose,

Na gaishe ka. Gwiwa ta kumbura, ina dogara sanda.

Ka yi daidai. Magana ta ƙare, kada ka sake ɗago ta a takarda.

Ga yadda ake ciki. Za a gurfanar da ni gaban majistare a watan Fabrairu kan sakaci da sauya makami ba da izini ba. Lauya ya ce da wuya a ɗaure ni, saboda shekaruna, amma bai rantse ba. An aika garinmu Ouyen an kwashe bindigogina uku na gona, har da ta mahaifina. Surukina ya ce 'yan sandan sun yi ladabi. A kantin gari idan na shiga hira takan tsaya. Ba komai, gobe zan koma gida.

Yatsan tsakiyar Manoli ya tsira amma ba ya lanƙwasuwa. Shagon a rufe yake. Na je sallama jiya, na same shi a baranda yana koyon ɗaure igiyar takalmi da hagu. Ya ce, "Zauna, manomi. Waƙar nan da ka karanta mini a ɗakin makamai, na tuna akwai wani abu game da toshe kafa."

Na ce, "Ba na tunawa."

Ya ce, "Ni ina tunawa. Yatsu na rasa, ba kunne ba." Sannan ya ce, "Ba zan gaya wa Halloran ba, ni ba ɗan tsegumi ba ne. Amma ka gaya wa Malam Mai-baiti, idan ya dawo kada ya rubuta mini waƙar jaje. In ya kawo, da hagu zan mare shi."

Na faɗa maka ne don ka san inda za ka taka.

Clarrie

Garnet Gully
9 ga Fabrairu, 1987

Zuwa ga Yayana Clarrie, a gonarsa ta Ouyen,

Gaisuwa da girmamawa. Ina fata girbi ya yi kyau, kuma kumburin ya sabe. Wannan ce wasiƙata ta uku tun dawowata, ban ga amsar biyun farko ba. 'Yarka ta gaya mini a waya cewa kana karantawa, sai ka ninke ka sa ƙarƙashin agogo. Lauyanka ya riga ya sanar da kai abin da na yi, amma ina so ka ji shi daga alƙalamina.

Na iso ran huɗu ga Janairu da niyyar cika alkawarin da na yi maka. Sau biyu na je ƙofar ofishin Saje da ƙaryar a shirye a bakina. A karo na biyu na hango Manoli a tsallaken titi, Despina tana ɓalle masa maɓallin riga a gaban gidan waya saboda zafi. Ya gan ni. Bai kira ni ba, bai kau da kai ba, ya dai tsaya yana jiran ya ga ƙofar da zan shiga da fuskar da zan fito da ita.

Akwai abin da ba ka sani ba. Ban taɓa rubuta baiti ban ajiye kwafinsa ba. Ina sa takardar kabon a ƙarƙashin duk wasiƙar da na rubuta, saboda wani banzan buri cewa wata rana za a tara su a buga. Abin da ka ƙona yana cikin jakata. Na koma gida na ɗauko ta sha huɗu ga Satumba da ta sha shida ga Oktoba, na haɗa da taka wadda ka roƙi a jera maka da lamba, na ajiye su a teburin Halloran.

Ya karanta a hankali, leɓensa yana motsi. Ya ɗago ya ce, "Ambrose, wannan ce takardar umarnin da ka bar wa mutum a kan makami?"

Na ce ita ce.

Ya ce, "Ta ka take numfashi. Ni ɗan sanda ne shekara ashirin, da ni ka ba wa, da na ɗauka hula take so." Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ka san abin da ka kawo mini?"

Na ce na sani.

An janye tuhumar sakaci daga kanka. Maganar da ka yi wa Saje ta farko, ya ce zai rubuta cewa tsoho ne ya ruɗe. Bindigoginka za a mayar, ta mahaifinka ma. Na san ka ce da 'yarka na mai da kai maƙaryaci a gaban hukuma bayan ka ƙona sunanka domina, kuma na zubar da kyautar da ba a ba mutum sau biyu. Haka ne.

An soke lasisina ranar Laraba, ba na wani wa'adi ba, har abada. Kwamitin Ƙauyen Tarihi ya dakatar da wasan fashi. Za a ci gaba da zagayawa da keken dawaki, babu mai tare shi. Sun ce idan ina so in riƙa yanka tikiti a ƙofa, ban ba su amsa ba tukuna. Tawa shari'ar tana watan gobe.

Ranar Juma'a Halloran ya buɗe mini ɗakin don in miƙa biyar ɗin da suka rage. Tun ranar biki suke kulle da dattin harbin ranar a cikinsu, mako goma sha biyu. Tsatsa ta yi musu ja a ganga, ɗaya ma kunamarta ta ƙage. Na roƙe shi awa biyu. Na ɗora buta, na kwance su a kan buhu, na bi kowane rami da buroshi har ruwan ya daina baƙi, na tsane su, na jera a taga, na ɗiga mai. Yana zaune a kan akwati yana fifita da hularsa.

Ya ce, "Ka san ranar Alhamis injin zai daddatsa su, ko?"

Na ce na sani.

Ya ce, "To wahalar ta mece ce?"

Na ce, "Saje, ban san yadda ake miƙa su da datti ba."

Ya sa su cikin buhu ɗaya bayan ɗaya, ya ba ni takarda na sa hannu, ya karɓi makullin. Na tsaya a waje da butar a hannuna, don ita kaɗai ce tawa a ɗakin.

Yaya, ba na neman ka ce na yi daidai. A duk dangin Trevaskis kai kaɗai ka rage da ka san sunan kakana. Idan ka ga dama, ka aiko mini da labarin alkama.

Ƙanenka,
Ambrose